DAGA TEBURIN AKAWU: Adudun Kakata

A watan da ya wuce na yi muku alkawari zan yi magana a kan kuɗin makabarta da waɗanda har yanzu ba su biya ba. To, ku gafarce ni, na ɗaga wannan sai wani jiƙon, domin wani abu ya same ni a cikin gidana wanda ya hana ni barci, na kuwa tabbata ba ni kaɗai ke da irin wannan ciwo a Morris Heights ba. Waɗanda a ke bi bashi kada su yi murna, ban manta ba.

Ran wata Talata na taso daga ofis, na sauka daga jirgi mai lamba 4 a Burnside, na hau tudu zuwa gida. Ko takalmi ban tuɓe ba sai 'yata mai shekara goma sha ɗaya ta tare ni da takarda. Malamarsu ta zana musu itace mai rassa, da gurbi goma sha biyar: ɗaya na yarinya, biyu na iyayenta, huɗu na kakanninta, takwas na iyayen kakanni. Aka ce ko wane yaro ya cika ya kawo ran Litinin.

Na ce wannan ai aikin minti biyar ne. Na gyara zama na shiga jera mata, wane ɗan wane ɗan wane, har na wuce iyakar takardar, na kai ga wanda ya taso daga ƙasar Kano da jakuna zuwa Gwanja. Ina cikin jin daɗin kaina sai ta ɗora yatsa bisa wani gurbi, ta ce, "Baba, nan fa? Uwar babanka." Na ce, "Hajiya." Ta ce, "Baba, Hajiya ai ba suna ba ne. A masallaci duk Hajiya ne."

Jama'a, matar nan ita ta goye ni a Zangon Kumasi. A kwanonta na ci tuwo, a bayanta na ɓuya ran da ubana ya ɗauko bulala. Ta rasu a 2003, ni na shiga kabarinta na karɓe ta. Ga shi kuwa ina zaune a Amurka, da furfura ta fara tsiro mini, ban san sunanta na yanka ba. Na juya wajen uwargida, ita ma cikin kakanninta mata biyu sunan ɗaya kaɗai ta kawo, shi ma tana shakka ko laƙabi ne.

YADDA SUNAYEN SU KE ƁACEWA

Kada mu yi saurin zargin kanmu da rashin kirki, gama kirkin ne ma ya jawo. Mu mutane ne masu kunya. Ɗa ba ya kama sunan uwarsa, miji ba ya kiran matarsa ta fari da suna a gaban mutane, suruka kuwa ko kusa. In an yi wa yarinya takwara da tsohuwar gida, sai a saya sunan, a ce Ummi ko Iya ko Mama, don kada a riƙa kiran sunan babba a tsakar gida. Mace ta shigo gida amarya, ta zama uwar wane, ta zama Inna ko Goggo, in Allah ya kai ta Makka ta koma Hajiya, ta mutu a haka. Sunan da liman ya raɗa mata ran suna ya yi ta kwanciya, ba mai taɓa shi, har waɗanda su ka san shi su ƙare.

Sa'an nan ga laifin irin aikinmu, mu akawuna. Littafin haraji, takardar fili, rajistar kotu, duk sunan maigida a ke nema. Ko wane ɗan Zango ya san Malam Bako ne ya kafa Sabon Zangon Ankara, Malam Futa ya kafa Nima, Alhaji Umaru na Karaci, wanda ya rasu a 1934, ya cika ƙasar da almajirai. Allah ya jiƙansu, sun cancanci a san su. Amma wa ya tuƙa wa baƙin Malam Bako tuwo? Wa ya daka, wa ya ɗebo ruwa, wa ya yi goyo a hanyar Salaga? Ayari bai taɓa tafiya ba mata ba. Su ke ɗauke da tukwane, su ke hura wuta in an yi zango, su ke sayar wa 'yan alaro abinci. Kalmar nan kanta, zango, wurin da a ka sauke kaya a ka ɗora tukunya ke nan.

ABIN DA KE CIKIN ADUDU

Da dare ya yi na kasa barci, sai na tuna da wani ɗan adudu. Sa'ad da a ka raba gadon kakata, mata su ka kwashe kwanukan jere da atamfofi, ubana ya sami wannan adudu, don ba mai so. Da shi ma ya rasu a ka aiko mini da shi cikin jakar nan mai ratsi-ratsi da a ke ce wa Gana-mas-go. Shekara tara yana bisa kabad ban buɗe ba. Sau biyu mun tashi daga wannan gida zuwa wancan, sau biyu kuma ina cewa zan zubar.

Na sauke shi, na buɗe. Ga abin da na tarar, na kuwa rubuta su ɗaya ɗaya yadda mu kan yi a ofis: zane saƙi guda, ya koɗe, an yi masa ƙari a gefe, tandun kwalli na fata, kwabo mai huji guda uku a zarge cikin zare, fasfon aikin hajji wanda ruwa ya taɓa ci, shafin suna ya narke, takarda biyu da rubutun ajami, hoto guda, da wata 'yar munduwa ta tagulla, ƙarama ƙwarai, wadda yatsuna uku kawai su ka shiga.

Hoton na san shi tun ina yaro. Wata tsohuwa ce zaune bisa kujera, fuskarta cike da tsage irin wanda ba na Hausawa ba, kakata tana tsaye a bayanta tana budurwar mace, ga wata 'yar yarinya ta jingina da gwiwar tsohuwar. Na taɓa tambayar ubana ko wace ce wannan, ya ce, "Wata tsohuwa ce ta gidan," ya kau da magana.

Takardun ajami na kai wa wani dattijon malami bayan sallar Juma'a, domin ni karatun ajamina bai wuce na ɗan koyo ba. Ya sa tabarau ya duba. Ta fari lissafin bashi ce: wane kafinta sule kaza na koko, matar wane fam kaza na adashi, kuɗin kwanon rufi bandir biyu an biya. Tun da fam da sule ne, an rubuta ta kafin 1965, shekarar da sidi ya shigo. Watau ɗakunan nan biyu na bakin ƙofa da mu ka tashi muna cewa kakanmu ya gina, kokon kakarmu ne ya rufa su. Ta biyu addu'ar neman sauƙin haihuwa ce. Kun san malamai in za su rubuta wa mutum irin wannan, da uwarsa su kan ambace shi, wance 'yar wance. Malam ya karanta mini suna biyu. Na fari na kakata ne. Na biyu na uwarta ne, wanda ban taɓa ji a bakin kowa ba. Abin da kunya ta ɓoye shekara tamanin, ga shi wani almajiri ya ajiye mana da tawada.

ABIN DA GOGGO TA FAƊA

Cikin 'ya'yan kakata saura mutum ɗaya, yayar ubana, tana Kumasi, ta haura tamanin. Ran Lahadi na sa jikanta ya riƙe mata waya ta WhatsApp, muna ganin juna. Da na tambaye ta kai tsaye, sai ta ce, "Kai da ke Turai me za ka yi da tsofaffin zance? Ka ci abinci?" Na ga ba ta nan za a ɓullo ba. Na miƙa wa 'yata wayar, na ce ta nuna mata kayan ɗaya ɗaya. Kun san wasan jika da kaka. Yarinya ta ce, "Ke tsohuwa, wannan kuɗin naki ko alewa ba za su saya ba." Goggo ta yi dariya har da tari, ta ce kuɗin nan su ne cinikin fari da uwarta ta yi ran da ta fara sayar da koko, ta rantse ba za ta kashe su ba. Na duba, mafi sabunta cikinsu na 1942 ne. Kwabo ba ya faɗin ranar da a ka ajiye shi, amma ya kan shaida ba a ajiye shi kafin shekarar da ke jikinsa ba. Ga mu da shekara ɗaya a hannu.

Da a ka zo kan munduwa sai dariya ta ɗauke. Goggo ta yi shiru har mu ka zaci waya ce ta yanke. Can ta ce, "Ashe tana nan. Wannan ta Iya Tsohuwa ce. Da ita a hannu a ka zo da ita."

Ga abin da ta gaya mana, na taƙaita. Tsohuwar da ke cikin hoto uwar kakata ce, ta cikinta. Yarinyar da ta jingina da ita kuwa Goggo ce, gama an ba tsohuwar riƙonta a Kete Karaci tun daga yaye. Ita tsohuwar ba Bahaushiya ba ce. Tana ƙarama, ko haƙoran fari ba ta gama famfara ba, mahaya su ka faɗa wa ƙauyensu da asuba. Ba ta ƙara ganin uwarta ba. A ka kai ta kasuwar Salaga, wani falke ya saye ta, ta girma a gidansa, ya sa ta a ɗaka, ta haifa masa 'ya'ya, kakata ce autarsu. Sunan da malam ya karanta mini a gidan falken a ka sa mata shi. Nata na gidan ubanta ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Munduwar ta matse mata hannu da ta girma, sai da maƙeri ya buɗe ta, ta kuwa ajiye ta har mutuwa.

Na koma na duba abin da masana su ka rubuta, labarin ya zauna daidai. Zabarmawa sun shigo ƙasar Dagwamba da dawaki, daga baya su ka kafa ƙarfinsu a ƙasar Gurunshi, ƙarƙashin Alfa Hano, sa'an nan Gazari, sa'an nan Babatu, su na kame mutane su na turawa kasuwanni, Salaga kuwa tana cikin manyansu. Mutanen Gwollu ganuwa su ka gina don tsoron irin wannan hari, ragowarta na nan. Turawa su ka karya ƙarfin Babatu a ƙarshen ƙarnin, ya rasu a Yendi a 1907. A 1892 yaƙin sarauta ya watsa Salaga, fatake su ka bazu, da yawa su ka koma Kete Karaci, wadda ta zauna a hannun Jamus har 1914. Kun ga hanyar da yarinyar ta bi, daga arewa zuwa Salaga kafin 1892, daga nan zuwa Karaci a bayan jakunan ubangijinta.

Na tambayi Goggo yaushe ta rasu. Ta ce ita ba ta san shekara ba, amma bayan ranar nan da rana ta yi husufi kaji su ka shiga akurki, tsohuwar ta yi azumi biyu, ba ta kai na uku ba. Husufin nan an yi shi ran 20 ga Mayu 1947. Azumin bana da na baɗi a lokacin sun faɗo cikin Yuli na 1947 da na 1948. Ashe ta rasu tsakanin ƙarshen azumin 1948 da tsakiyar 1949. Na ce to ina kabarinta? Ta ce, "Sai ka tambayi kifi." Madatsar Akosombo ce. Ruwa ya fara taruwa a 1964, ya ci tsohuwar Karaci, a ka ta da mutane wajen 80,000 daga garuruwansu a ka sake musu matsuguni. Ba kabari, ba suna na asali, ba gari. Saura munduwa da hoto da abin da ke kan tsohuwa guda a Kumasi.

Abu ɗaya ya rage. Goggo ta tuna tsohuwar ta kan kama yatsunta ta ƙirga mata ɗaya zuwa biyar da wani harshe, in ba kowa a kusa. Ta faɗa, na ɗauki muryar. Na kunna wa wani bawan Allah mutumin Tumu da mu ke sahu ɗaya da shi. Ya saurara sau uku, ya ce uku daga ciki kamar nasu ne na Sisala, sauran biyun sun ɗan bambanta, harshensu kuwa ya kan sāke daga gari zuwa gari. Iyakar inda na kai ke nan yanzu.

GA MASU CEWA TONON SILILI NE

Na san abin da waɗansu za su ce, gama an riga an ce mini. Wani ɗan'uwana ya bugo waya daga Ankara ya ce, "Yanzu kai sai ka buga a takarda mu jikokin baiwa ne? 'Ya'yanmu mata ba su yi aure ba tukuna." Ban raina maganarsa ba. Abin da ubana ya ji ke nan ran da ya ce wata tsohuwa ce ta gidan. Na roƙi izinin Goggo kafin in rubuta, ta ce in rubuta, ita ta gaji da riƙo.

Amsata gare shi ita ce, yarinyar da a ka sace da asuba ba ta yi abin kunya ba. In akwai kunya a cikin labarin nan, tana wajen wanda ya kama da wanda ya saya, mai sayen kuwa shi ne wanda mu ke alfahari da sunansa. Ban ce a zage shi ba, kakanmu ne, zamaninsa ya bi, Allah ya gafarta masa. Amma ba daidai ba ne a ɗauki ɗaya a kai a jefa ɗaya bayan ɗaki, alhali jinin biyun ne ke gudana a jikinmu. Duk alhajin da ya yi safa da marwa sawun Hajara ya bi, kowa kuwa ya san matsayinta a gidan Annabi Ibrahim, tsira da aminci su tabbata gare shi. A ƙasar Hausa sarakuna nawa ne 'ya'yan ƙwaraƙwarai, wa ya hana su gadon ubansu?

Kuma mu faɗa wa juna gaskiya. Fatake da yawa sun iso Gwanja ba mata, a nan su ka yi aure. Wanda duk ya bi sawun iyayensa mata a Zango, da wuya ya yi taki uku bai gamu da Badagwamba ko Bagwanja ko Bagurunsa ko Batona ko mutuniyar Ankara ba. Abin da ya sa a ke ce mana 'yan ƙasa ke nan. Ran 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busiya ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fita. Gidaje su ka rabu, a ka sayar da kaya a wulaƙance, ƙanen kakana ya hau mota zuwa Nijeriya, ƙasar da bai taɓa gani ba, bai kuwa dawo ba. Ana ce mana baƙi, mu kuwa mun ɓoye matar da ta fi kowa zama 'yar ƙasa a gidanmu. Har wa yau maganar ba ta mutu ba. Tsarin mulkin Gana na 1992 ya ce wanda a ka haifa bayan ya fara aiki, a cikin ƙasa ko a waje, ɗan ƙasa ne in ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne. Bai ce kakanni maza kaɗai ba. Ran da yaron da a ka haifa a nan Buronkis zai je neman takardarsa a tambaye shi garinsu, sunan kakarsa da garinta na iya zama abin da zai tsaya masa.

WAƊANDA A KA RUBUTA

Ku dubi bambancin wadda a ka rubuta da wadda ba a rubuta ba. Baba mutuniyar Karo ta ƙasar Kano tsohuwa ce kamar sauran tsofaffi, ba 'yar sarki ba, ba malama ba. Daga ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950 wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da ita a Giwa ta ƙasar Zazzau tana rubuta abin da ta ke faɗa. Baba ta rasu a 1951, littafin ya fito a 1954, ba ta gan shi ba. Yau a jami'o'in duniya a ke karanta aurenta da ƙawayenta da harin bayi da ta gani da idonta. Tsararta ce Iya Tsohuwa. Abin da ya raba su, ɗaya an zauna an tambaye ta.

Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta rubuta da Larabci da Fillanci da Hausa, ta kuma yi waƙa musamman ta jera sunayen mata salihai, har da na zamaninta, don kada su ɓace. Takardunta sun tsira domin zuriyarta a gidan Waziri a Sakkwato sun adana su, har Waziri Junaidu ya buɗe wa Jean Boyd, a ka tara su a ka buga a 1997. In 'yar Shehu ba ta ga aibu ga rubuta sunan mace ba, mu wa ya hana mu?

Abin ba a kanmu kaɗai ya ke ba. Nan ƙasa da mu, gida mai lamba 1520 a titin Sedgwick, baƙi na zuwa ɗaukar hoto domin a nan kiɗan samarin nan na hip-hop ya fara, ran 11 ga Agusta 1973. Kowa ya san sunan makaɗin, Kool Herc. Amma bikin na ƙanwarsa ne, Cindy Campbell, ita ta shirya shi don ta sami kuɗin sayen tufafin komawa makaranta, ta sa wa 'yan mata kwabo 25, samari 50. 'Ya'yanmu da ke tashi da waƙoƙin nan, mutum nawa cikinsu su ka san da ita?

ABIN DA ZA MU YI

Ga shawarata, daga abin da na koya cikin makon nan uku.

Na fari, a fara da wadda ta fi tsufa, a fara kuma yau. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani, a nan kuwa mai rabon ƙasa ce.

Na biyu, kada ɗa ya je da tambaya tsirara. A tura jika, shi ke da izinin wasa. A sa mata abu a hannu, zane ko tasa ko carbi, abin zai buɗe bakin da tambaya ta kasa buɗewa. In ta ce a bar wani zance, a bar shi.

Na uku, kada a tambayi shekara, a tambayi abin da ya faru. Kafin girgizar ƙasar Ankara ta 1939 ne ko bayanta? Kafin annobar da ta sa a ka ta da Zangon Kumasi a 1924? Ran da a ka sami mulkin kai a 1957 tana goyon wa? Lokacin korar 1969, ko ta Nijeriya ta 1983, tana ina? Sauran lissafi aikin akawu ne.

Na huɗu, laƙabi ma shaida ne, kada a yar. Ladi da Talatu da Laraba da Lami da Jummai da Asabe sun faɗi ranar haihuwa. Azumi da Tasalla sun faɗi wata. Gambo ta shaida akwai tagwaye a gabanta, Kande ta shaida maza ta biyo, Auta ta rufe ƙofa. A rubuta laƙabi, a rubuta sunan yanka kusa da shi, da na uwarta, da garinsu, da sana'arta.

Na biyar, takardar ajami duk da a ka samu a kai wa mai iya karantawa tun muna da su, gama su ma su na ƙarewa. Ban ce a farke laya ba. Amma wasiƙa da lissafi da addu'ar da ke buɗe, a karanta a juya.

Na shida, a rubuta sunaye a bayan hoto da fensir, ba da biro ba. A ɗauki hoton ko wane abu da waya, a aika wa 'yan'uwa aƙalla gida uku, ɗaya a wata ƙasa. Laburaren unguwa da ke titin University na da na'urar kwafi. Kada a ajiye adudu a ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda laima da kyankyaso ke mulki. Ba mu manta da gobarar 9 ga Janairu 2022 a titi na 181 ba, inda mutum 17 su ka rasu, yawancinsu 'yan'uwanmu mutanen Gambiya, Allah ya jiƙansu. Wanda Allah ya fitar daga irin wannan da ransa ba ya tsayawa ɗaukar hoto.

Na bakwai, kayan gado na magada ne. Kada son tarihi ya sa wani ya ɗauke abin da ba a ba shi ba. A nemi izini, a ɗauki hoto, a mayar.

Bayan haka ina roƙon shugabanni da Magajiya, a taronmu na wata mai zuwa a ba mu rabin sa'a bayan an gama maganar kuɗi. Ko wane gida ya zo da abu ɗaya na wata uwa ko kaka da ta riga mu, a zo da yara, mai abu ya tashi ya faɗi sunanta da garinta da abin da ta ke sayarwa, a yi mata fatiha. Na sayi babban littafi mai bango mai ƙarfi da kuɗina, zan zauna a bakin ƙofa in rubuta. Wanda ba ya son a karanta nasa a bainar jama'a ya same ni a gefe. Iyayenmu mata su na da yayin zane na ko wane biki, ba za su rasa abin kawowa ba.

Takardar 'yata ta koma makaranta ran Litinin da gurbi biyu a buɗe, na wajen uwarta, muna kan nema. Amma ta ƙara wani gurbi da hannunta a can sama, inda malama ba ta zana ba, ta rubuta sunan da malam ya karanta mana, ta zana 'yar munduwa a gefe. Matar ƙanena kuma na da ciki, mun yi magana da shi, in mace ce an riga an sami suna. Na ce masa sharaɗi ɗaya, a kira ta da shi, kada a saya.

Allah ya jiƙan iyayenmu mata, waɗanda mu ka san sunansu da waɗanda Shi kaɗai ya sani. Maganar kuɗin makabarta sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu. Haza wasalam.

Naku,
Akawu